Aikin Hannu a Gida: Kujerarka ta Fari

A yawancin gidajenmu, in baƙo ya zo sai a aiki yaro maƙwabta aron kujera. Amma kayan aro ba ya rufe katara. Don haka a wannan wata muna so mu nuna wa maigida da samarin gida yadda za su yi kujera da hannunsu, ba sai da inji ba. Abin da ake bukata shi ne zarto, da kurfi, da guduma, da sukwaya, da abin awo, da fensir, da gam, da sanfefa.

Mu fara da katako, gama nan ne mutane da yawa sukan yi hasarar kuɗinsu. Kada ka sayi ɗanyen katako kome araharsa. Itace yakan tsuke ta faɗinsa sa'ad da yake bushewa, sai haɗin da ka yi kam-kam da damina ya saki da hunturu, kujera ta soma rawa. Ka ɗaga katakon ka ji: busasshe ya fi sauƙin ɗauka, in ka ƙwanƙwasa shi kuma yana da amo. Maɗaci yana da kyau da ƙarko. Malaina ta fi shi taushi, mai koyo zai fi jin daɗin aiki da ita. Ka guji mai gaɓa ko tsaga, musamman domin ƙafafu.

Ga awo. Ƙafafun gaba biyu, inci 17 kowace, na katako mai kaurin inci 2. Na baya biyu inci 34, domin su ne za su miƙe su zama majingina. In ka ɗora mazauni mai kaurin inci 1, tsayinsa daga ƙasa ya zama inci 18 ke nan, daidai zaman babban mutum. Faɗin mazauni inci 16 ya isa. Ka auna sau biyu kafin ka sa zarto, gama abin da aka yanke ba ya komawa.

Yanzu ga zuciyar aikin. Kujerar da ƙusa kaɗai ke riƙe da ita ba ta daɗewa, domin duk lokacin da mutum ya jingina, nauyinsa yana jan wurin da ƙafar baya ta haɗu da katakon gefe. Yau da gobe ƙusa ta yi sako-sako, wata rana kuwa ta kā da tsoho ko mai ciki. Maganin wannan shi ne haɗin rami da harshe: ka sassaƙa rami a jikin ƙafa da kurfi, ka fitar da harshe a bakin katakon gefe, kaurinsa sulusin kaurin katakon. Harshen ya shiga da ɗan bugu kaɗan. In ya faɗa da kansa, ya yi sako. In sai da ƙarfin tsiya, ƙafar za ta tsage. Hannuwanka biyu su kasance bayan bakin kurfi kullum, ka kuma wasa shi sosai, domin dakusasshe ne yakan zame ya ji wa mutum ciwo.

Kafin ka shafa gam, ka harhaɗa kujerar duka haka nan. Ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu. In awon ya zo ɗaya, ba ta karkace ba. Sa'an nan ka sa gam, ka ɗaure da igiya tam, ka bar ta kwana guda. In ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo, ka tsai da kujerar a kan daɓe mai laushi, ka rage kaɗan kaɗan. Sauri ya haifi nawa.

Muna roƙon iyaye kada su kori yara daga wurin aikin. Ƙarami ya riƙe bakin abin awo, babba ya goge da sanfefa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaron da ya iya riƙe zarto kuwa ba zai rasa abin kai wa baki ba.

Wata mai zuwa za mu duba yadda ake kāre kayan katako daga gara.