Zango ɗaya a kan hanyar Apalash

A gabashin ƙasar Amurka akwai wata hanya wadda ba a yi ta don mota ba, ba a kuma yi ta don fatauci ba. Hanyar ƙafa ce, wadda a wurare da dama faɗinta bai wuce na mutum guda ba. Ta taso daga dutsen Springer cikin jihar Jojiya, ta bi doron duwatsun Apalash, ta ratsa jihohi 14, ta ƙare a dutsen Katahdin cikin jihar Maine. Tsawonta ya kai kilomita 3,500, wato kusan nisan Yamai zuwa Damagaram sau huɗu. Wani mai suna Benton MacKaye ne ya kawo shawarar yin ta a 1921, aka gama haɗa ta a 1937, kuma har yau ƴan sa-kai ne ke yin yawancin aikin gyaranta.

Masu ɗaura niyyar bin ta daga farko har ƙarshe sukan share wata 5 zuwa 7 suna tafiya, kuma cikin mutum huɗu da ƙyar ɗaya ke isa. Amma mafi yawan masu taka wannan hanya ba su ba ne. Mutanen gari ne masu fitowa ranar Asabar da jaka a baya, su yi zango ɗaya cikin daji, ranar Lahadi su koma gida. Irin wannan tafiya ce ke iya faɗo wa mai karatu: ma'aikacin da aka tura horo birnin Washinton, ko ɗan kasuwar da ya je ganin ɗansa ɗalibi, abokai su ce masa a je a kwana kan dutse. Mutumin Katsinar Maraɗi ko na Adar yakan yi murmushi in ya ji haka. Wanda kakanninsa suka kai kanwa Gwanja suka ɗauko goro, ina abin tsoro cikin kilomita 10? To, a nan kuskuren yake farawa. Kakan yana da madugu, yana da jakai, kuma ƙafarsa ta saba. Jikan kuwa ya yi shekara 15 yana zaune a biro ko a kanti, kuma dajin da zai shiga ba irin na Sahel ba ne, inda mutum ke hango itacen gawo daga nesa ya san gabas. Can itatuwa sun rufe ko'ina, taki kaɗan mutum zai yi ya daina ganin inda ya fito.

A watan Yulin 2013, cikin jihar Maine, wata mata mai shekara 66, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti, wadda ta riga ta taka fiye da kilomita 1,400 na wannan hanya, ta ratse gefe don ta kewaya. Abokiyar tafiyarta ta riga ta koma gida makonni kaɗan kafin nan, saboda haka ita kaɗai ce. Da ta juyo ba ta gane hanya ba. Ta rubuta wa mijinta saƙo ta salula, saƙon bai fita ba. Ta hau tudu neman layi, wannan ya ƙara nisanta ta. Da ba ta iso mahaɗarsu ba mijin ya sanar da hukuma, aka yi ta nema da mutane da karnuka da jirgin sama, ba a dace ba. Littafin da ta bari ya nuna ta rayu aƙalla kwana 26. Sai a watan Oktoban 2015 aka tarar da gawarta inda ta kafa tanti, kimanin kilomita 3 daga hanya. Ba tsawon tafiya ya ci ta ba, ƴan taki ne da ta yi gefe. Saboda haka tafiyar kwana ɗaya tana bukatar cikakken shiri irin na doguwar tafiya, kuma a gida ake yanke manyan shawarwarinta tun kafin a ɗaure jaka.

Zaɓen yanki

Shawara ta farko ita ce inda za a bi. Sabon shiga ba ya zaɓen yanki don kyawon hotonsa. Yana duba abu uku: a ce hawan ba shi da tsanani, a ce akwai ruwa kusa da zango, a ce kuma akwai titin mota da ake iya fita ta wurinsa in abu ya ɓaci. Yankin jihar Maryland, mai kilomita 65 ko sama da haka kaɗan, yana cikin mafi sauƙi a hanyar duka, kuma ƙofarsa ita ce garin Harpers Ferry, kimanin kilomita 100 daga Washinton, inda kogin Shenandoah ya haɗu da na Potomak. Jirgin ƙasa yana tsayawa a garin, kuma nan ne cibiyar ƙungiyar da ke kula da hanyar take, inda ake samun taswira da labarin halin da hanya ke ciki. Matambayi ba ya ɓata: a watan Disamban 2019 wani jirgin kaya ya kauce daga layinsa ya lalata gadar ƙafa da ake ƙetare kogin Potomak da ita, ba a sake buɗe ta ba sai tsakiyar 2020. Wanda ya zo a wancan lokaci bai tambaya ba, a bakin kogi tafiyarsa ta tsaya.

Daga gadar, hanya tana bin gefen wani tsohon kanal a shimfiɗe na wajen kilomita 4 zuwa 5. Daga nan ta kama hawa tana lanƙwasa har ta kai duwatsun Weverton, inda ake hango kogin a ƙasa, sa'an nan ta bi doron tudu zuwa rumfar kwana mai suna Ed Garvey. Duka kilomita 10 ne, kwatankwacin Maraɗi zuwa Tsibiri. A gindin hawan akwai titi da wurin ajiye motoci, wanda ya gaza yana iya tsayawa nan. Washegari ko dai a komo ta inda aka zo, ko a ƙara kilomita 6 gaba zuwa gandun Gathland, inda wani ɗan jarida ya gina hasumiya a 1896 don tunawa da wakilan jaridu na fagen yaƙi. Amma ba a zaɓen wannan hanya ta biyu sai an tabbata akwai motar da ke jira can.

Lissafin lokaci

Shawara ta biyu ita ce sa'a. A 1892 wani mai hawan duwatsu ɗan ƙasar Sikotlan, William Naismith, ya fitar da lissafin da ake amfani da shi har yanzu: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Da wannan lissafi za a isa rumfar cikin awa 2 da rabi. Sai dai lissafin na ƙaƙƙarfan mutum ne wanda ba ya hutawa. Sabon shiga mai kaya a baya ya ninka shi, ya ce awa 5. In an tashi ƙarfe 10 na safe, a isa ƙarfe 3 na yamma, da sauran rana ta kafa tanti da ɗebo ruwa da dafa abinci. A Nijar faɗuwar rana ba ta canzawa sosai tsakanin damina da ɗari, amma a Maryland rana tana kaiwa ƙarfe 8 da rabi a watan Yuni, ta faɗi ƙarfe 6 da rabi a tsakiyar Oktoba, kuma ƙarƙashin itatuwa duhu yakan riga wannan lokaci.

Don haka ake tsai da sa'ar juyawa tun daga gida. A ce, in ƙarfe 2 ta yi ba a gama hawan Weverton ba, an fasa, a sauka titi. Wannan alkawari yana da wuyar cikawa, domin a kan hanya girman kai yakan hana mutum cewa ya gaji, musamman baƙo a gaban masu masaukinsa. Shi ya sa ake faɗinsa gaban kowa tun ana zaune. Haka kuma ba a auna tafiyar ayari da mai sauri. Mafi rauni shi ke gaba, wanda ya san hanya yana baya, kuma babu mai wucewa inda ba a jin muryarsa. Sannu ba ta hana zuwa.

Kayan da za a ɗauka

Babu jaki a wannan tafiya, bayan mutum ne jakinsa. Ƙa'idar da aka saba ita ce kada kaya su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ɗauka: mai kilo 70 ya tsaya a kilo 14, kuma litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce. Cikin wannan za a shigar da tanti, da jakar barci, da shimfiɗa mai hana sanyin ƙasa, da rigar ruwa, da tocila, da ƙaramin resho da ashana, da taswirar takarda, da usur, da ɗan magani da abin ɗaure rauni. Ba sai an sayi sababbi ba, akasari ana samun aro wurin masu gayyata. A 1955 Emma Gatewood, uwar ƴaƴa 11 mai shekara 67, ta bi hanyar duka da takalmin yadi da buhu a kafaɗa, labulen leda ne abin kare ta daga ruwa. Amma ita ma a gwajinta na farko, a 1954, ɓata ta yi cikin ƴan kwanaki, ta koma gida ta sake shiri.

Abu biyu ne ba a sassauci a kansu. Na farko takalmi: wanda aka saya jiya bororo zai yi wa ƙafa kafin azahar, gara tsohon da ƙafa ta sani. Na biyu tufafi. Auduga, wadda ita ce rahama a zafin Tawa, abokiyar gaba ce a can, domin in ta jiƙa da gumi ko ruwan sama ba ta bushewa, sai ta riƙa zuƙe ɗumin jiki. Sanyi yana iya kayar da jiƙaƙƙen mutum ko da babu ƙanƙara. Ulu ko nailan ake sawa, a kuma ajiye busasshiyar riga cikin leda don dare. Wanda bai taɓa kafa tantinsa ba ya gwada a tsakar gida, kada ranar farko ta zama cikin duhu da iska.

Dare a zango

Akwai rumfunan kwana fiye da 250 a kan hanyar, yawancinsu bango uku ne da rufi, kuma wanda ya riga zuwa shi ke samun wuri. Ranar Asabar sukan cika, shi ya sa ba a barin tanti a gida. A jihar Maryland ba a yarda a kwana ko'ina ba sai a wuraren da aka keɓe. Marmaron rumfar Ed Garvey yana can ƙasa, fiye da rabin kilomita ta gangara mai tsanani, saboda haka kowa ya taso da lita 2 aƙalla, kuma duk ruwan da aka ɗebo a daji, kome haskensa, a tace shi ko a tafasa shi minti ɗaya. Guzuri kuwa wanda ba ya lalacewa ne: burodi, sardin, gujiya, dabino, shayi.

Abincin ba ya kwana cikin tanti. Dajin yana da baƙar beyar, dabbar da hancinta ya fi na kare, kuma wadda ta saba da abincin mutane daga ƙarshe harbe ta ake yi. Ana rataye jakar abinci, har da sabulu da man goge haƙora, a kan ƙarfen da aka tanada, ko a reshen da ya kai mita 4 daga ƙasa da mita 2 daga jikin itacen. Amma abin da ya fi beyar cutar da matafiya ƙarami ne ƙwarai: kaska, mai ɗauke da ciwon Lyme. A sa dogon wando, a duba jiki da dare da kuma bayan an koma gida. Wanda zazzaɓi ya kama bayan ƴan kwanaki ya gaya wa likita ya shiga daji, kada ya ɗauka zazzaɓin sauro ne ya biyo shi daga gida.

Hanyar tana da shaida: zanen farin fenti mai faɗin santimita 5 da tsawon 15 a jikin itace ko dutse. Biyu a jere sama da ƙasa suna nufin hanya za ta juya, shuɗi kuwa reshe ne zuwa ruwa ko rumfa. Wanda ya yi mita 400 bai ga fari ba ya koma wurin na ƙarshe da ya gani. A rumfuna akwai makewayi, amma a kan hanya ana nisantar ruwa da hanya da taki 70, a haƙa ramin santimita 15 zuwa 20. Nan ne kunya take zama haɗari. Mai ratsewa ya gaya wa ɗan'uwansa, shi kuma ya tsaya kan hanya har ya dawo. In kuwa mutum ya ji shakka game da inda yake, ya tsaya nan take, kada ya je neman layin salula, ya busa usur sau uku, ya saurara, ya sake.

Saura shawara ta uku, wadda ba ta cin ko dala: takarda guda da za a bar wa wani a gari. A rubuta sunayen matafiya, da inda aka ajiye mota, da zangon da za a kwana, da sa'ar dawowa, da kuma sa'ar da in ta wuce zai kira lamba 911. Fatake ba su taɓa fita ba a san madugunsu da zangonsu ba. Wanda aka gayyata, in ya tambayi abokansa wa ke riƙe da wannan takarda suka yi dariya, ya gode musu, ya yi zamansa a gari.