Koyon Girkin Ƙasashen Waje ta Intanet: Aro ko Sakin Na Hannu?

Duk wanda ya leƙa madafin wasu gidaje a unguwar Minanata ta birnin Sakkwato a yau, zai iya tarar da wata sabuwar malamar girki wadda kakanni ba su santa ba, wato wayar hannu. Budurwa ko amarya takan jingine wayarta a jikin kwano, tana kallon Ba'indiya tana dafa biriyani ko Balarabe yana naɗe shawarma, ita kuma tana bin su daki-daki. Abin ya samu gindin zama ne bayan shigowar wayar salula Nijeriya a 2001 da buɗe dandalin YouTube a 2005, sannan Facebook da TikTok suka ƙara masa ƙaimi. Wasu dattawa na kallon wannan a matsayin lalacewar al'ada. Sai dai koyon girkin wasu ba laifi ba ne. Inda gizo ke saƙa shi ne a koyi na wasu, a bar na gida ya salwanta.

Da farko, aro ba baƙon abu ba ne a tukunyar Bahaushe. Kalmomin alkama da alkubus da gurasa duk daga Larabci suka fito, kuma suna nuna tsohuwar hulɗar Hausawa da Larabawa. Haka kuma masara da rogo da gyaɗa da barkono da tumatir asalinsu nahiyar Amurka ne, ba su iso Afirka ba sai bayan shekarar 1492. Duk da haka, babu mai kiran ƙuli-ƙuli ko yaji baƙo a yau. Dalili kuwa shi ne, magabata sun karɓi waɗannan abubuwa, suka sarrafa su daidai da ɗanɗanonsu da abin hannunsu, har suka zama 'yan gida.

Bugu da ƙari, wannan koyo yana da amfani a fili. Mata da dama sun koyi yin kek da samosa da makamantansu daga bidiyo, suna sayarwa daga cikin gidajensu lokacin biki da azumi da salla, suna rufa wa kansu asiri.

To amma kayan aro ba ya rufe katara. Girkin da aka tsara a Landan ko Dubai an gina shi ne a kan na'urar gashi mai aiki da lantarki, da sikelin awo, da kayan haɗi masu tsada, alhali mai koyo a Minanata gawayi da gwangwanin awo ne a gabanta. Wasu girke-girken kuma akan sa musu giya ko naman alade, wanda ba ya jin harshen bidiyon sosai yana iya faɗawa cikin abin da addininsa ya hana.

Babbar asarar dai tana wani wuri daban. Girkin Hausawa ba a littafi ake koyonsa ba, a gindin murhu ake ɗaukarsa, 'ya tana kallon uwarta. Idan idon 'ya ya koma kan waya, wannan makaranta ta rufe ke nan. Daga nan sai a wayi gari yarinya ta iya fiza amma ba ta san yadda ake yin hoce ko tubani ko dambu ba, ba ta kuma san cewa daga kalwar ɗorawa ake samun daddawa ba. Kowane girki da ya ɓata yakan tafi da kalmominsa. Surfe da bakace da ruɗe da talge, da muciya da mara da maburgi, duk suna raye ne muddin ana tuƙa tuwo ana kaɗa miya.

A nan ne aikin malamin Hausa ya shigo. Ɗalibin da ke samun horo a wuri irin Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, gobe shi ne zai tsaya gaban aji. Idan ya zo koyar da rubutun bayani, zai iya tura kowane yaro wajen kakarsa ko gwaggonsa, ya tambayo yadda ake yin abinci guda na gargajiya, ya rubuto shi cikin daidaitacciyar Hausa, da sunayen kayan aiki da awo da matakai. Ajin da ke da yara 40 zai iya tara girke-girke masu yawa a zango guda. Mai waya kuma ya ɗauki bidiyo da izinin masu gida, kamar yadda wasu matan Hausawa suka riga suka fara sa girkin gida a waɗannan dandali.

A taƙaice, babu dalilin hana amaryar Minanata koyon biriyani. Abin da ya kamata shi ne ta koye shi da shinkafa da albasar da ake nomawa a fadamun Sakkwato, sannan ta san tuwo da miyar kuka sanin da za ta iya koya wa 'yarta. Hausawa dai sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.