Sai an Rubuta wa Shugaban Ƙasa Wasiƙa Kafin a Gyara Aji?

Da yawa daga cikinmu idan aka ambaci Amurka, abin da yake faɗo mana a rai shi ne dogayen benaye da makarantu masu ƙyalli. To amma masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Ya kai mai karatu, biyo ni zuwa wani ƙaramin gari mai suna Dillon a jihar Karolina ta Kudu, wanda mutanensa ba su kai dubu goma ba.

A wannan gari a da akwai wata ƙaramar sakandaren gwamnati da ake kira J.V. Martin, wadda aka gina wani sashenta tun 1896. A shekarar 2009 rufin azuzuwanta yana yoyo, fentin bango yana ɓamɓarewa, kuma saboda layin dogo yana kusa da ita, dole malami ya yi shiru duk lokacin da jirgin ƙasa ya zo wucewa. Sai wata yarinya 'yar aji takwas ta rubuta wa 'yan majalisar ƙasar wasiƙa tana neman agaji. Ranar 24 ga Fabrairu, 2009, Shugaba Obama ya ba da labarinta a jawabinsa ga majalisa, ita kuwa tana zaune kusa da uwargidansa. Nan da nan wani kamfani ya aiko da kyautar kujeru da tebura, gwamnatin tarayya ta ba da rance da tallafi, a 2012 kuma aka buɗe sabuwar makaranta.

Jama'a sun yi murna, kuma sun cancanci yin murnar. Amma ni a nawa ra'ayi, wannan labari na takaici ne. Dalilina kuwa shi ne yadda ake samo kuɗin makaranta a can. An rarraba makarantun gwamnati gunduma-gunduma, kowace da hukumarta. Kusan rabin kuɗin da ake kashewa yana fitowa ne daga cikin gundumomin kansu, galibi daga harajin gidaje da filaye da masana'antu. Ke nan garin attajirai zai yi ɗakin gwaje-gwaje da ɗakin karatu, garin talakawa kuwa ya riƙa tara bokiti a ƙarƙashin rufi. Shin yaro shi ya zaɓi garin da za a haife shi?

Wani zai ce ai akwai kotu. Gaskiya ne, sai dai a 1973 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Rodriguez, ta yanke cewa tsarin mulkin tarayya bai hana irin wannan bambanci ba. A 1993 gundumomin karkara kusan 40 na Karolina ta Kudu, har da ta Dillon, suka kai gwamnatin jiharsu ƙara. Ba a yanke hukuncin da ya ba su gaskiya ba sai 2014, bayan shekara 21. Yaron da ya shiga aji ɗaya a shekarar da aka shigar da ƙarar, ya daɗe da gama sakandare kafin a yanke wannan hukunci. A 2017 kuma kotun ta janye hannunta daga sa wa gwamnati ido a kan maganar.

Masu kare wannan tsari suna cewa idan kuɗin mutanen gari ne, za su fi kula da makarantarsu. Ban ƙi wannan ba. Iyaye su zaɓi hukuma, su binciki malamai, su tambayi inda kowane kwabo ya tafi. Amma rufi da banɗaki da ruwan sha da kujera haƙƙi ne na kowane ɗalibi, kuma jiha ce ya kamata ta ɗauki nauyinsu daidai wa daida. Makarantar da babu shugaban da ya ambaci sunanta a talabijin fa, wa zai tuna da ita?

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma nan Nijeriya dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimin matakin farko, amma jiha ba ta karɓar kasonta na gine-gine sai ta ajiye daidai abin da za a ba ta. An sha ganin kuɗin suna kwance shekara da shekaru, yara kuwa suna zaune a ƙasa. Da yawanmu malamai za mu zama. Kada mu jira sai ɗalibanmu sun rubuta wasiƙa. Mu fara tambayar hukumar ilimi ta ƙaramar hukumarmu tun yanzu. Allah ya sa mu dace.