Mai sukar shugaban ƙasa ba maƙiyin ƙasa ba ne

A watan Nuwamba na 2015, a Birnin Kebbi, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na bai wa manoman shinkafa rance. Manoman fadamar Argungu da sauran kwarin Rima sun yaba. Ranar 29 ga Mayu 2023 kuma, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, sai manomin rani mai jawo ruwa da injin fetur ya ga kuɗin ban-ruwa ya ninka. Idan ya koka, ba a rasa mai ce masa ba shi da kishin ƙasa. Wannan zargi ba shi da tushe. Wanda yake da ikon yabo yana da ikon suka.

Tarihin yankin kansa shaida ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanin Shehu Usmanu kuma wazirinsa, shi ya jagoranci rundunar da ta ci Birnin Kebbi a 1805. Wajen 1807 ya ga son mulki da dukiya sun shiga zukatan wasu jagororin jama'a, ya soki halinsu, ya bar rundunar da niyyar zuwa Makka. A Kano aka tsayar da shi, ya rubuta Diya'ul Hukkam a kan yadda ya kamata masu mulki su riƙe jama'a, sannan ya komo. Har yau masarautar Gwandu, wadda fadarta ke Birnin Kebbi, da sunansa take alfahari, ba kuma wanda ya kira shi maci amana.

Shugaba ma'aikaci ne mai wa'adi. Ƙasa kuwa tana nan bayan ya sauka. Shi ya sa sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da 'yancin faɗin albarkacin baki. Duk sa'ad da aka haɗa mutuncin gwamnati da na ƙasa, talakawa ne ke shan wuya. Doka ta 4 ta 1984 ta ɗaure 'yan jarida biyu na Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor. A Nuwamba 2024 aka gurfanar da ƙananan yara a kotu a Abuja bisa zargin cin amanar ƙasa saboda zanga-zangar tsadar rayuwa, har wasunsu suka faɗi a gaban alƙali, kafin Tinubu ya ba da umarnin sakinsu.

Masu cewa suka na rage kwarjinin shugabanci suna da abin dubawa, domin ƙage da ashar da tunzura tarzoma ba nasiha ba ne, kuma doka ta tanadi hukuncin ƙage da tarzoma. Amma manomin Argungu da ya faɗi nawa litar fetur ta kai, da buhu nawa ya rasa a bana, yana sanar da shugaba abin da fadawa ba za su faɗa masa ba. Shugaban da aka ɓoye wa wannan labari ba zai san inda zai gyara ba.