Ƙofar jami'a a buɗe take, amma wa aka nuna wa hanya?

Kowace shekara, da damina ta kankama, ana shelar sakamakon jarrabawar Bak, gidajen da aka dace su cika da guɗa. Guɗar kuwa da hujjarta, domin daga 2021 zuwa 2023 waɗanda suka ci wannan jarrabawa a Nijar ba su kai ɗaya cikin uku na waɗanda suka zauna ta ba. Sai dai kafin a wanke tukwanen walima wata jarrabawar ta soma, wadda babu malamin lise da ya koyar da ita, wato neman gurbi a jami'a da neman burs. A wannan fage ɗan babban ma'aikacin Yamai yana shiga da amsa a aljihu, ɗan manomin Mayahi ko Tanut kuwa da lalube yake shiga.

A dubi abin da ake tarawa a dosiye: takardar haihuwa, ta shaidar zama ɗan ƙasa, ta cin Bak, ta maki, kowace da kofinta mai hatimi, kowane hatimi da kuɗinsa. Ga ɗan birni aikin yini biyu ne. Ga yaron da aka rubuta Mahamadu a takardar haihuwa, Mamadu a ta lakwal, sai zarya zuwa gidan shari'a, da kuɗin mota, da kwana a zauren dangi, ranar rufe karɓar takardu kuma ba ta jiran kowa.

Hasali ma tankaɗen ya fara tun shekara uku kafin Bak, ranar da aka raba yara tsakanin ajin adabi da na kimiyya bayan jarrabawar BEPC. Wanda ya fito da Bak A ya yi ban kwana da karatun likita tun bai san ya yi ba. Uban da ya yi boko ya san haka, yana tsaye a kan lamarin ɗansa tun ranar. Uban da bai yi ba sai ya ji labari bayan an gama rabo. Ba a fafe gora ranar tafiya, gaskiya ne, amma wa ya faɗa wa talaka ranar tafiyar?

Mahukunta za su ce an yi ƙoƙari, kuma ba a musa ba. Jami'ar Yamai, wadda ta samo tushe a 1971 kuma ta ɗauki sunan Abdu Mumuni a 1992, ta daɗe ita kaɗai ce ta gwamnati. A 2010 aka kafa na Maraɗi, Tawa da Damagaram, a 2014 na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Za su ƙara da cewa jami'o'in da hukumar burs ta ANAB suna fitar da sanarwa. To, da wane harshe, kuma a ina? Sanarwar da aka rubuta da Faransanci, aka liƙa a allon ofis ko aka saka a intanet, a ƙasar da mafi yawan ƙauyukanta ba su da lantarki, ta isa ga waɗanda dama sun sani ne kawai.

A hawa na gaba ƙofar ƙara tsukewa take yi. Bayan shekara uku na lisans, guraben masta ƙidayayyu ne, da dosiye ake zaɓe, dokta kuma sai da malamin da ya yarda ya ja ragamar binciken ɗalibi. Duk inda aka liƙa sunayen waɗanda aka ɗauka ba tare da makinsu ba, an buɗe wa zargi ƙofa, ko da alƙalan zaɓen tsarkaka ne. Daga nan matasa ke koyon mugun darasin nan, cewa wa ka sani ya fi me ka sani.

Hanyar waje ma ba ta ƙara sauƙi ba. A 2019 Faransa ta ɗaga kuɗin rajistar baƙin ɗalibai daga yuro 170 zuwa 2,770 a lisans, wato sama da miliyan 1 da jika 800 na sefa, ko da yake jami'o'i da dama sun sassauta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ta dakatar da ba da biza a Yamai, a farkon 2024 kuma ta rufe ofishin jakadancinta. Mai hali ya juya akalar ɗansa zuwa Maroko, Turkiyya ko wata jami'a mai zaman kanta. Marar hali ba shi da wata ƙofa sai ta gida, saboda haka wajibi ne ta gidan ta zama mai adalci.

Gyaran kuwa ba ya bukatar rancen Bankin Duniya. A fitar da jadawali guda na ranakun ajiye takardu tun farkon shekarar karatu, a karanta shi a kowane ajin ƙarshe na lise. A bayyana yawan gurabe da ma'aunin zaɓe kafin a karɓi dosiye ko ɗaya. A liƙa sunaye tare da maki, a ba wanda aka ƙi damar ɗaukaka ƙara. A yi shelar wannan duka a gidajen rediyon karkara da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Buzanci. Ƙasar da ta ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025 ba ta da uzurin barin uwar ɗalibi cikin duhu game da makomar ɗanta.

Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai uku suka rasa rayukansu a gadar Kenedi suna adawa da matakan tsuke bakin aljihu da suka shafi ilimi, kuma jininsu na cikin abin da ya kai ƙasa ga Taron Ƙasa na 1991. Haƙƙin da suka nema bai cika ba muddin shiga jami'a na bukatar kawu a ma'aikatar ilimi. Masu riƙe da mabuɗan su ji, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.