Ƙwallon cikin waya: kasafin fam miliyan 100 na wasa da jikar gaske ta aljihu

A Bangi, kamar a Madawa, Buza da Keita, ranakun Asabar da Lahadi gidajen kallon ƙwallo kan cika da matasa masu bin gasar Firimiyar Ingila. A da, gardamar da ake ci gaba da ita a fada wajen shayi ba ta wuce ta Arsenal da Chelsea ba. Yanzu wayoyin zamani sun shigo da wata sabuwa: kowa na iya zama mai horas da ƙungiyar kansa, ya zaɓi ƴan wasa, ya tara maki bisa abin da suka yi a fili. Wannan wasa iri biyu ne, kuma ya kamata iyaye da matasan kansu su san bambancinsu.

Na farko shi ne Fantasy Premier League, wanda hukumar gasar ke gudanarwa kyauta, mutane fiye da miliyan 10 ke bugawa a duniya. Ana ba kowa kasafin fam miliyan 100, wato sama da miliyar 70 na sefa, amma a kan allo kawai. Da shi za a sayi ƴan wasa 15: masu tsaron raga 2, ƴan baya 5, ƴan tsakiya 5, ƴan gaba 3, kuma ba a ɗaukar fiye da mutum 3 daga kulob ɗaya. In aka raba kuɗin daidai, kowane ɗan wasa zai samu kusan miliyan 6.7.

A nan lissafi yake. A farkon kakar 2025/26 an sa wa Mohamed Salah farashin miliyan 14.5, Erling Haaland kuma 14. Wanda ya ɗauki su biyu ya kashe 28.5, saura 71.5 ga mutum 13, wato 5.5 kowanne. Dole ya cika benci da masu arha na miliyan 4 ko 4.5, tunda 11 ne kaɗai ke shiga fili. Gwanaye ba sa tambayar wane ne ya fi suna, suna duba maki nawa kowane miliyan zai kawo. A kakar 2023/24 Cole Palmer ya fara da farashin miliyan 5, ya ƙare da maki 244, ya fi kowa. A kakar da ta biyo Salah, da aka saye shi 12.5, ya kafa tarihi da maki 344. Wani lokaci arha ce ke biya, wani lokaci tsada, kuma babu mai tabbas tun farko. Manomin albasa na fadamun Madawa ya san wannan tunani: kuɗin iri, na taki, na man injin ban ruwa da na lebura duk daga jaka ɗaya suke fita, in ka zuba da yawa a wuri guda wani wurin zai rasa.

Iri na biyu shi ne na kullum, wanda kamfanonin Amurka irin su DraftKings da FanDuel suka shahara da shi. Tsarin yana kama da na farko, DraftKings na ba da kasafin dala 50,000 na wasa, sai dai ana biyan kuɗin shiga na gaske, gasar ta ƙare a rana ɗaya ko mako ɗaya, kamfani ya cire kasonsa, a raba sauran ga waɗanda suka zo sama. A 2015 wani nazari da masana na kamfanin McKinsey suka yi kan irin wannan gasa ya gano cewa kashi 1.3 cikin 100 na masu bugawa ne suka kwashe kashi 91 na ribar. A watan Nuwamba na wannan shekara babban lauyan jihar New York ya ce abin caca ne, ya umarci kamfanonin biyu su daina karɓar kuɗi a jihar, kafin a yi dokar da ta tsara harkar a 2016.

Waɗannan kamfanoni ba su ne ke yawo a kasuwanninmu ba. Abin da ya iso nan shi ne cacar sakamakon wasanni ta waya, wadda aika kuɗi ta salula ya sauƙaƙa. Haɗarin shi ne saurayin da ya yi fice a wasan kyauta ya ɗauka ya san ƙwallo har zai iya cin kamfani. Alhali a wasan kyauta akwai iyaka da ba a ƙetarewa, in kuɗi suka ƙare allo ba ya bari ka ƙara. A caca kuwa babu wanda zai tsayar da kai. Mai zuba dala ɗari, wato sefa 500, kowace rana ya kashe jika 15 a wata, fiye da kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashi a Nijar, wanda ya koma jika 42 a farkon 2024. A gidan da ke jiran saƙon ɗan cin rani daga Nijeriya ko Aljeriya, wannan kuɗin cefane ne.

A Kano, hukumar Hizba ta rufe shagunan cacar ƙwallo a 2024, kuma malamai a nan ma ba su da saɓani kan haramcin caca. Sai dai kulle shago ba ya kulle wayar da ke aljihu. Abin da ya fi kusa da hannu shi ne shugabannin fada da masu gidajen kallo su shirya gasar cikin gida a wasan kyauta, ba tare da ko dala ba, malaman makaranta kuma su yi amfani da kasafin nan na miliyan 100 wajen koyar da rabawa da kaso. Saurayin da ya iya raba kuɗin allo tsakanin mutum 15 zai iya zama da takarda ya raba kuɗin albasarsa tsakanin gida, gona da ajiya kafin damina.