Zauren 'Yan Mata: Hasken Da Ke Ganin Ƙashi

Yau mu jingine zancen lalle da lefe, mu taɓa hoton asibiti, wato eksire, wanda da yawanmu ke gudu wai yana ƙona mahaifa.

Wani Bajamushe, Wilhelm Röntgen, ne ya gano wannan haske a 1895. Cikin hotunansa na farko akwai na hannun matarsa, ga ƙasusuwa ga zobe a yatsa. Ido ba ya ganin hasken. Yana ratsa tsoka, amma ƙashi ya tare shi, shi ya sa ƙashi ke fitowa fari fat a hoto.

Mu 'yan Bukkuyum ai mun ga ranarsa. A 2010 gubar dalma, daga niƙa duwatsun zinari a tsakar gida, ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Masana sun zo da wata 'yar na'ura ta hannu mai harba irin wannan hasken a ƙasa, nan take ta faɗi yawan dalmar da ke ciki. Da ita aka gane gidajen da za a kankare ƙasarsu a zuba sabuwa. Abin mamaki, dalmar ce dai ke tare hasken, ita ce cikin rigar nan mai nauyi ta ma'aikatan ɗakin hoto.

To ƙawata, in ƙaninki ya karye, a yi hoto kafin a kai shi wajen mai ɗori. Tarin da ya wuce sati 2, a je asibiti, ƙila su ce hoton ƙirji. In kika ji ƙullutu a nono, don Allah kar kunya ta cuce ki. Ko daji ne, ana gasa shi da wannan hasken, mai ƙarfi sosai, kamar a asibitocin koyarwa na Sakkwato da Zariya, kuma wadda ta je da wuri ta fi samun sauƙi.

Sharaɗi ɗaya ne. Amarya, in kina da ciki, ko kina zaton batan wata, ki faɗa kafin ki tsaya gaban na'ura. Sikanin na masu ciki daban ne, da sauti yake aiki.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Ku huta lafiya.